Jirgi mai farfela biyu: a gama da ciki kafin a taɓa fenti

Gyaran kayan lantarki ne sana'ata a nan unguwar Wadata ta birnin Yamai, kuma a gefen wannan aiki ina haɗa ƙananan jirage masu saukar ungulu, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot. Tun da bidiyonsu ya cika wayoyi, samari suke ta kawo mini nasu. Wasu saye suka yi, wasu da hannunsu suka ƙera da tarkacen da suka tsinto a kasuwar Katako. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu suna isowa da fenti mai ɗaukar ido, har da lamba da tuta, alhali a ciki ba a daidaita kome ba. Wani bai taɓa barin ƙasa ba, wani ya tashi ya dawo gutsuttsure, wani kuma ya bar wa mai shi tabo a hannu. Shi ya sa nake son in yi wa ƙannena bayani, musamman a kan samfurin da suka fi kwaɗayi yanzu, mai farfela biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Jirgin da ake kwaikwayo shi ne CH-47 Chinook na kamfanin Boeing, wanda ya fara tashi a 1961. Tsarin ma ya girme shi, don Frank Piasecki ya tashi da irinsa a Amurka tun 1945. Ba baƙo ba ne a yankinmu, sojan saman Birtaniya sun kawo guda uku garin Gao na ƙasar Mali a 2018. Dalilin farfela biyun mai sauƙi ne. Idan inji ya juya farfela zuwa dama, gangar jirgin za ta nemi juyawa hagu. Jirgi na yau da kullum yana tare wannan da ƙaramar farfelar wutsiya. Shi kuwa wannan, farfelunsa manya ne duka, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, kowace tana kashe murɗar 'yar'uwarta, sai ƙarfin inji gaba ɗaya ya tafi ga ɗaukar kaya.

A nan wahalar take. Fikafikan gaba da na baya suna ratsa wuri ɗaya a tsakiyar jirgin. Kamar mata biyu ne masu lugude a turmi guda: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na sama, ranar da suka sauka tare an yi ɓarna. A babban jirgin, sandar ƙarfe ce ta bi ta saman gangar ta ɗaure farfelun biyu, ta yadda ɗaya ba za ta iya riga ɗaya ba. A ƙarami ma dole a sami irin wannan ɗauri, ko sanda da giya, ko bel mai haƙora. In fikafikai uku-uku ne, tsakanin kowane biyu digiri 120 ne, don haka farfelar baya za ta zauna a digiri 60 daga ta gaba. In biyu-biyu ne, digiri 90. Ina sa alama da farin fenti a kan giyar da kuma jikin firam, kuma ba na kunna jirgi sai na juya farfela da hannu na ga alamun sun haɗu. Bel ɗin da ya saki yana iya tsallake haƙori ɗaya ba tare da ka ji ba, gobe ya ƙara wani. Duk saurayin da ya zo mini da moto biyu, kowane da farfelarsa, ba abin da ya ɗaure su, kuma fikafikan suna ratsa juna, ce masa nake ya kwance. Ba moto biyu da za su riƙa juyawa daidai wa daida har abada. In kuwa ya nace, to ya tsawaita gangar har fikafikan su daina haɗuwa, ya haƙura da kamannin Chinook.

Wani abin lura ga masu saye: ƙananan da ake sayarwa cikin kwali a matsayin kayan wasan yara, da yawansu rimot ɗinsu da haske yake aiki irin na talabijin. A cikin ɗaki suna jin magana, a ranar Yamai kuwa sai su kurumce. Jirgin fili yana bukatar rimot na rediyo mai zangon 2.4 GHz. A duba kwalin kafin a biya.

Bayan ɗauri sai nauyi. Ka sa batir da duk abin da zai tashi da shi, ka rataye jirgin da igiya daga tsakiyar tazarar da ke tsakanin sandunan farfela biyu. In ya tsaya a miƙe, madalla. In hanci ko gindi ya rinjaya, ka matsar da batir, kada ka ƙara dalma ko kusoshi don cike giɓi, domin kowane giram da ka ƙara sai moto ya biya shi da zafi. Fikafikan su ma a auna su ɗaya bayan ɗaya a sikelin masu gwal. Nauyinsu ya zama ɗaya, kuma wurin da kowane ke daidaita a kan bakin wuƙa ya zama ɗaya. Bambancin da hannu ba zai ji ba, shi ne ke zama karkarwa idan farfela ta ɗauki gudu, karkarwar kuma ita ke kwance noti, ta ci boris, ta ruɗa na'urar da ke riƙe jirgin a iska.

Daidaita tuƙi shi ne wurin da samari suka fi gajiya, kuma shi ne wurin da nake roƙonsu su daɗe. Wannan jirgi ba a tuƙa shi yadda ake tuƙa mai farfela ɗaya. Don ya yi gaba, farfelar baya ce ke ƙara cin iska, ta gaba ta rage, sai hanci ya sunkuya. Don ya karkata gefe, duka biyun su jingina wuri ɗaya. Don ya juya a inda yake, ta gaba ta jingina dama, ta baya ta jingina hagu. Ma'ana, motsi ɗaya na yatsanka sai an raba shi ga ƙananan injunan da ke lanƙwasa fikafikan gaba da baya, kowane da rabonsa. Na'urar da aka yi don jirgi mai wutsiya ba ta san wannan rabo ba, sai wadda aka tsara don farfela biyu. Gwajin farko a kan tebur ake yi, an cire fikafikai gaba ɗaya. Ka motsa kowace sanda ta rimot ka ga inda kowane ɓangare ya nufa. Ka ɗaga jirgin da hannu ka sunkuyar da hancinsa, ka tabbata na'urar tana ƙoƙarin mayar da shi, ba ƙara tura shi take ba. In ta juye, jirgin zai kife kafin ka ƙifta ido, kuma ba gwanintar da za ta cece shi.

Sannan a mayar da fikafikai, a fita fili da firam tsirara, ba tare da gangar ado ba. A manna jan salatif a bakin fiffike ɗaya, a tsaya nesa, a duba daga gefe. In ka ga layi biyu maimakon ɗaya, wani fiffike ya fi 'yan'uwansa cin iska, sai a kashe a gyara sandarsa da rabin juyi, a sake gwadawa. Na ce a tsaya nesa, kuma ina son a ɗauki wannan da gaske. Farfela mai faɗin mita ɗaya da ke juyi 2,000 a minti, bakin fiffikenta yana gudun kusan kilomita 380 a awa. A watan Satumba na 2013, wani matashi ɗan shekara 19, wanda ya ƙware a wannan harka, ya rasa ransa a wani filin shaƙatawa na Brooklyn a birnin New York bayan jirginsa ya same shi a kai. A unguwa irin tamu, inda yara ke taruwa da zarar sun ji ƙarar moto, wanda ya kunna jirgi a tsakar gida ko a lungu ya ɗauki alhakin da ba zai iya biya ba. Kuma a kunna rimot kafin a haɗa batir, a cire batir kafin a kashe rimot, kullum.

Littattafan da ke zuwa da kayan nan ba a rubuta su don bazararmu ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, iska mai zafi kuwa sakayau ce. A digiri 43 kaurinta ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 idan aka kwatanta da digiri 15 da masu ƙera jirage ke lissafi da shi. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da sanyin safiyar Janairu zai yi ta nishi da azahar ɗin Afrilu. Gangar ado kuma tana tsare zafi, don haka a buɗe mata ƙofofin iska ta ƙasa da ta baya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Man giris mai yawa a kan giya yana kama rairayi ya mai da shi samfefa, gara a sa kaɗan a riƙa gogewa. A tashi daga kan faifan katako ko tabarmar roba da aka danne, kada a tashi daga kan yashi.

Batir shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, fiye da fikafikai, don shi yana iya cin gida mutane na barci. Irin da ake kira LiPo, kowane ɗaki nasa volt 4.2 ne iyakar cikarsa, bai kamata ya sauka ƙasa da volt 3 ba, kuma in za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8. Cajarsa ta musamman ce, mai auna kowane ɗaki daban. Mun saba idan wuta ta dawo cikin dare sai a jona kome a koma shimfiɗa. Kada a yi wa wannan batir haka. A yi cajinsa ido na kai, a cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa. Kada a bar shi ƙarƙashin sirdin babur ko cikin mota a rana. Wanda ya kumbura ko ya lotsa bayan faɗuwa ya gama aiki, kada a huda shi, kada a sayar wa wani yaro da shi.

Sai jirgi ya tsaya cak a iska da firam tsirara, batir bayan batir, sannan ake maganar fenti. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Fenti nauyi ne, kuma yana canja ma'aunin da ka sha wahalar samu, saboda haka bayan ya bushe a sake rataye jirgin. A goge ganga da samfefa mai laushi, a shimfiɗa fentin farko, a fesa siriri-siriri ana barin kowane ya bushe. Da sassafe ake yi. Da rana feshin yana bushewa tun bai isa jiki ba, sai ya fito da kaushi, in kuma akwai hazo a jira ya lafa. Fentin gwangwani na mota yana narkar da farin soson da ake naɗe firij da shi, wanda da yawa ke sassaƙa ganga da shi, don haka a gwada a kan guntu tukuna, ko a nemi fentin ruwa. Ba a fentin fikafikai sai in za a sake auna su. Wayar eriya kuma a fito da ita waje.

Game da launi, shawarata ba ta yi wa samari daɗi, amma ba zan janye ta ba. Kowa so yake ya yi koren soja mai dabbare-dabbare kamar na fim. Ku bar shi. Na farko, gaba da bayan wannan jirgi kusan kama ɗaya ne daga nesa, kore mai duhu kuma yana ɓacewa a gaban itatuwa. Hanci mai ruwan goro ko ja shi zai gaya maka inda ya dosa. Akwai Chinook na farar hula masu kashe gobarar daji a Amurka, ja da fari, wanda yake son kwaikwayo na gaskiya ga shi nan. Na biyu, kowa ya san halin tsaron da ƙasa ke ciki. Filin jirgin sama na Diori Hamani da sansanin sojan sama na 101 suna wannan ɓangaren na gari, ba su da nisa da mu. Jami'in da ya hango abu mai launin soja yana shawagi ba shi da lokacin tambaya ko na wasa ne. Kada a tashi jirgi a Wadata, ko kusa da tasha da kasuwa, ko ta hanyar filin jirgi, ko kusa da bariki da gine-ginen gwamnati. Kafin a fita da shi ko ina, a je hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, a ji abin da doka ta tanada, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaron wurin da za a yi gwajin.

Ban faɗi wannan duka don a hana yaro ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic, labarinsa ya zaga duniya. A nan gida, Aziz Kountché, wanda ya kafa Drone Africa Service a Yamai, jirgi marar matuƙi da ya ƙera ne hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ta yi amfani da shi a 2016 wajen zana taswirar sansanonin Sayam Forage da Kabelawa a jihar Diffa. Makarantar EAMAC da ke horar da ma'aikatan sufurin sama na ƙasashen Afirka da dama ita ma a garin nan take. Yaron da ya iya auna fiffike, ya gane dalilin digiri 60, ya riƙe dokar batir, ya riga ya taka matakin farko na wannan hanya.

Iyaye, in ɗanku ya shigo gida da irin wannan jirgi, ku tambaye shi inda yake cajin batir da inda yake niyyar tashinsa, ku haɗa shi da wanda ya san aikin. Ku kuma ƙannena, ku kawo jirgi a duba tun yana firam, kafin ku sayi gwangwanin fenti.