Karanta Zabura da Wanda Ruwa Ya Cinye wa Gona

'Yan'uwa masu jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki a Birnin Kebbi da Argungu, kun san jama'arku. Cikin masu zama gabanku akwai waɗanda ambaliyar 2020 ta kwashe musu shinkafa a fadamar Rima tana gab da yanka, ga bashin taki da iri a wuyansu. Irin wannan mutum kada ku gaggauta kai shi Zabura 23, ko da yake kowa na sonta.

Ku fara da Zabura 69. A can Dawuda yana kwatanta kansa da mai nutsewa cikin laka, ruwa ya kai masa wuya. Manomin fadama ya san wannan da jikinsa. A karanta a bayyane, da Hausa, sannu a hankali, sannan a yi shiru kaɗan. Wanda yake son faɗin abin da ya rasa, a bar shi ya faɗa, kada a katse shi da wa'azi.

Mako na gaba ku ɗauki Zabura 13, inda kukan ya juya zuwa dogara cikin ayoyi 6 kacal. Akwai kuma Zabura 88, wadda ta ƙare ba ta'aziyya. Ina ganin kuskure ne a tsallake ta, domin wasu a nan suke har yanzu.

Kafin a tashi, Zumuntar Mata ta binciko gidan da ba a ɗora tukunya ba, kowa ya kawo mudu guda ranar Lahadi.