Alamun Farko Na Ciwon Taɓin Hankali Ga Samari Da 'Yan Mata

Jama'a, karatunmu na yau a kan wani ciwo ne mai kama ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiransa sikizofireniya. Wani likita mutumin ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1908. Mu a ƙauye sai ya yi tsanani muke ganewa, sa'an nan mu ce ɗan wane ya taɓu. Amma sau da yawa ciwon nan a hankali yake shigowa, kamar gara a rumbu. In mun san alamunsa, za mu tare shi da wuri.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 300 akan sami ɗaya mai wannan ciwo. Yawanci yakan fara tsakanin shekara 16 da 30. Yakan riga bayyana ga maza kafin mata. Akwai gado a cikinsa, amma yawancin 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa. Shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin samunsa. Ba a ɗaukarsa kamar ƙyanda. Ko mun ci tuwo ƙwarya ɗaya da mai shi, ba abin da zai same mu.

Ga alamun da za mu lura da su:

1. Janye jiki. Saurayin da ba a gayya sai da shi ya daina fita. Yarinya mai son hira ta shige ɗaki, ba ta kula ƙawayenta.

2. Sakaci. Ya bar wanka da wanki. Aikin gona ya gagare shi, karatu ya ja da baya.

3. Rikicewar barci. Ya kwana ido biyu yana kai da kawowa, da rana kuma ya yi ta barci.

4. Zargi. Ya ƙi cin abincin gida, wai an sa masa guba. Ya ce mutanen kasuwa da shi suke, ko mai magana a rediyo shi yake nufi.

5. Jin murya. Ya kasa kunne alhali ba mai magana. Ya yi dariya shi kaɗai, ko ya riƙa amsa wa wanda ba mu gani.

6. Magana ba kan gado. Ya ɗauko wannan zance ya saki, ya kama wancan. Wani kuma fuskarsa ba ta nuna murna ko baƙin ciki.

To, a nan sai mu yi hattara. Lokacin balaga yaro yakan canja, ya yi fushi yau, gobe ya huce. Alama ɗaya ba ta isa mu ce ciwo ne ba. Abin dubawa shi ne alamu biyu ko uku su haɗu, su yi makonni ba sauƙi, har halin yaron ya bambanta da wanda muka sani. Ko a haka ma likita ne kaɗai zai faɗi ko mene ne. In kuwa yaro ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, wannan wani abu ne dabam. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. A kai shi asibiti nan take.

Me za mu yi in mun ga alamun nan? Da farko mu zauna da yaron, mu yi masa magana da taushi. Kada mu yi masa ba'a ko gardama, don muryar da yake ji, a wurinsa gaskiya ce. Na biyu, tun da yanzu mun iya rubutu, mu sami takarda mu rubuta ranar da muka fara ganin canjin, da abin da yake yi, da abin da yake faɗi. Wannan takarda za ta taimaki likita ƙwarai. Na uku, mu kai shi asibiti mafi kusa. Daga nan a iya tura mu asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano.

In yaron ya ambaci kashe kansa, ko ya ce muryar ta umurce shi ya yi ɓarna, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da wuƙa, da igiya, da maganin ƙwari. A tafi asibiti a ranar.

Wasunmu sukan ce aljanu ne ko sammu, har shekara ta wuce ba a ga likita ba. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani, don jinkiri yana sa warkewa ta yi wuya. Duka da mari da turu ba sa warkarwa, sai ƙara tsoro. Aure ma ba maganinsa ba ne.

Akwai magani. Tun shekarar 1952 aka fara amfani da ƙwayar da ke kwantar da wannan ciwo a ƙasar Faransa. A 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara jiyyar masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, kowane tare da ɗan'uwansa, don ya ga kulawar dangi tana taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ɗaya cikin uku alamun sukan rabu da shi gaba ɗaya. Wasu da yawa kuma suna noma da sana'a in sun riƙe magani. Ƙwayar takan yi makonni kafin a ga amfaninta. Kada a daina sha don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi:

1. A wace shekara ta rayuwa ciwon nan ya fi farawa?
2. Faɗi alamu uku da muka karanta.
3. Me za mu rubuta kafin mu je wurin likita?
4. Yaushe ne tilas a tafi asibiti a ranar?