Gashi ya fito mini a haɓa, ina tsoron ya hana ni aure

Anti, shekaruna 24. Gashi mai kauri yana fito mini a haɓa da saman leɓe, kullum da reza nake. Al'adata kan yi wata uku ba ta zo ba. Gwaggona ta ce sammu ne, sai an karya. Ga aure ya matso.
Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne zancen al'adar nan, don ita da gashin galibi tushensu ɗaya. Kowace mace jikinta na samar da ɗan sinadarin maza, wato testosteron. Idan ya yi yawa sai gashi ya ɓullo a haɓa da ƙirji, ƙuraje su cika fuska, ƙwai ya daina fita a kan kari. Mafi yawan lokuta lalurar da likitoci ke kira PCOS ce ke jawo haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Tana iya jinkirta samun ciki, tana kuma buɗe ƙofar ciwon suga. Amma da magani, mata da yawa masu ita sun haihu.

Wasu kuwa gado ne kawai. Sannan ki duba kan madubinki: man bilicin mai sitiroyid da ƙwayar deksametason da 'yan mata ke sha don ƙiba duk suna tsirar da gashi. In kin daɗe kina shan ƙwayar, kada ki yanke ta farat ɗaya, sai da likita.

Ki je wurin likitan mata a yi miki gwajin jini da hoton mara. Magani kan ɗauki kamar wata 6 kafin a ga sauƙi, kuma rage ƙiba na taimakawa sosai. Reza ba ta ƙara wa gashi kauri, kuma Imam Nawawi ya ce cire gemun mace mustahabbi ne.

Idan gashin ya yawaita cikin 'yan watanni, ko muryarki ta fara kauri, wannan na iya zama ƙari a ma'ajiyar ƙwai. Kada ki jira, ki tafi asibiti a makon nan, ki roƙi Gwaggo ta raka ki.