Abin Da Na Koyo A Dutsen Kagoro, Bisa Keke Da Kuma A Ƙafa

Jama'ar kwaleji, malamai da ɗalibai, ina so in ba ku labarin wata fita da muka yi da 'yan ajina, domin wanda zai kai yara daji nan gaba ya san abin da zai tarar. Na daɗe ina koya wa ɗalibai labarin ƙasa a jikin allo, ina ce musu dutse shi ke jawo ruwan sama, su kuwa suna rubutawa ba tare da sun gani ba. Ran nan sai na ce, to, bari mu je mu tambayi dutsen da kansa.

Muka hau mota a Sabon Tasha ta Kaduna, muka bi ta Kachia da Zonkwa har Kafanchan, garin da ya bunƙasa saboda mahaɗar jirgin ƙasa tun wajen 1927. Daga can Kagoro ba nisa. Dutsen yana tsaye a bayan gari, ƙololuwarsa ta haura mita 1,200 daga bisa teku, kurmin Nindam kuwa, wanda yake gandun daji ne na gwamnati, yana nan kusa.

Mun tafi da kekuna biyu. Ɗaya tsohon Raleigh ne irin na iyayenmu, ɗayan kuwa keken hawan dutse ne da muka aro, mai kaurin taya da giya barkatai. Irin wannan keke a Kalifoniya ta Amurka aka fara shi cikin shekarun 1970, sa'ad da waɗansu samari suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna tsere da su a gangaren duwatsu. Abu kamar wasa, har ya shiga wasannin Olimfik a Atlanta a 1996.

Kafin mu tashi na sa yara suka ƙirga haƙoran da sarƙa ke bi. Na Raleigh 46 ne a gaba, 18 a baya, watau in ka juya feda sau ɗaya, ƙafar baya ta juya kusan sau biyu da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya wannan daɗi ne, amma a hawa sai ka ji kamar kana tura jaki mai gardama. Keken dutse kuwa, in an sa shi a giyar hawa, 22 ne a gaba, 34 a baya, juyin feda ɗaya bai kai ya juya ƙafar sau ɗaya ba. Tafiyar ba sauri, amma ƙarfin da ake bukata kaɗan ne. Lissafin kashi-kashi ke nan, wanda na sha fama da su a kansa cikin aji, ga shi sun gane shi a tsugune cikin minti goma.

Gangara ita ce wurin haɗari, kuma ni ne na fara shaida haka. A wata 'yar gangara mai tsakuwa na damƙe birkin gaba da ƙarfi, sai keken ya tsaya cik, ni kuwa na wuce ta kansa, na sauka da gwiwa. Yara suka rasa ko su yi dariya ko su ce sannu. Ƙa'idar ita ce, mutum ya ɗaga daga sirdi ya ja jikinsa baya, ya riƙa matsa birki biyun a hankali tun kafin gudu ya yi yawa, kuma hular kwano tana kansa. Kada kuma a ja taya a ƙasa, don zanen da take bari shi ruwa ke bi da damina har ya zama kwazazzabo. Hanyoyin nan fa ba don wasanmu aka yi su ba, na mata masu ɗauko itace ne da manoma, saboda haka mai keke shi ke tsayawa ya ba da hanya.

A gindin dutse muka ajiye kekunan, gama daga nan sai ƙafa. A nan ne kuwa ainihin darasin ya fara, domin mai keke idonsa yana kan turba, mai tafiya a ƙasa shi ke da sukunin ɗaga kai. A fili mun baro ɗorawa da kaɗanya da maje tsilli-tsilli cikin ciyawa. Da muka shiga kwari inda rafi ke gudu, sai ga itatuwa dogaye sun haɗa kai, ga kwakwar manja, ga igiyoyin daji suna lilo, ƙasa da danshi, rana ba ta ko taɓa ta. Wani yaro ya ce, "Malam, ai wannan kamar ƙasar kudu." Na ce masa ya faɗi daidai.

Ga dalilin. Da damina iska tana tasowa daga tekun Atlantika, daga kudu maso yamma, ɗauke da laima. In ta iso waɗannan duwatsu, waɗanda su ne gefen tudun Jos, ba ta da hanya sai ta hau. Iska kuwa in ta hau sai ta yi sanyi, laimar ta dunƙule ta zama gajimare, ruwa ya zubo. Shi ya sa wannan yanki ya fi Zariya da Kano ruwa nesa ba kusa ba, har ake samun tsuntsayen kurmin kudu a Nindam, masana tsuntsaye na duniya kuma suka sa wurin cikin muhimman mazaunan tsuntsu. Daga duwatsun nan ne ruwan da ke faɗowa a Matsirga yake fitowa. A ƙiyasi, kowane hawa na mita 1,000 zafi yana raguwa da digiri shida da rabi. Na ba su aiki: in mun hau mita 400, nawa ya ragu? Wanda ya ce digiri biyu da ɗigo shida ya ci.

Amma mun ga abin da ya ɓata mana rai. A bakin kurmin akwai kututture sababbin sara, da ramin gawayi yana hayaƙi. Ban ga laifin mai neman abinci ba, sai dai in inuwar nan ta tafi, rafin ma ba zai kai bazara ba, mai gonar citta da ke ƙasa shi zai fara ji a jikinsa.

Saura batun tsaro, wanda ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Ƙasar Kagoro ta sha hare-hare, har a 2022 an yi asarar rayuka da yawa. Malamin da zai kai 'ya'yan mutane can, lalle ya nemi iznin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, ya sanar da mai gari da malamin daji, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora. In mutanen wurin suka ce kada a shiga yau, a juya. Mu mun fita da ƙarfe bakwai na safe da ruwan sha da famfo da faci da akwatin magani, na ƙirga yara a gindin dutse, na sāke ƙirgawa a sama, kafin la'asar kuwa muna cikin Kafanchan su goma sha takwas cif, ban da gwiwata da ta kumbura.