Sauya Kamfanin Fansho a Nijeriya: Nazarin Abubuwan Lura Kafin Yanke Shawara

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi matsalar da ke fuskantar ma'aikacin da ya bar tsohon wurin aikinsa, ya koma wani, alhali kuɗin fanshonsa na hannun kamfanin da ya zaɓa tun farko. Shin ya bar su a can, ko ya mayar da su wani wuri? Tambayar ta shafi malaman jami'a kai tsaye, musamman tun da aka kafa kamfanin NUPEMCO domin ma'aikatan jami'o'i.

2.0 Matsayin Doka

Dokar garambawul ta 2004 ce ta kawo tsarin fansho na karo-karo, sannan ta 2014 ta maye gurbinta. A ƙarƙashin ta 2014, mai ba da aiki kan zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Asusun mallakar ma'aikaci ne, ba na ma'aikata ba, don haka sauya wurin aiki ba ya tilasta masa sauya kamfani. Sashe na 13 ya ba shi damar ƙaura zuwa wani kamfanin sau ɗaya a shekara ba tare da ba da hujja ba. Sai dai hukumar PenCom ba ta buɗe wannan ƙofa a aikace ba sai a watan Nuwamba na 2020.

3.0 Abubuwan Lura

Na farko, riba. Ribar shekara guda ba ma'auni ba ce. A duba ta shekaru da dama, a auna ta da hauhawar farashi. Na biyu, rukunin zuba jari. Tun 2018 aka karkasa asusun: wanda bai kai shekara 50 ba akan sanya shi a rukuni na biyu, wanda ya kai kuwa a na uku, inda kasadar ta ragu. Akwai kuma rukuni na shida marar kuɗin ruwa. Ke nan wani lokaci abin da mutum ke nema sauyin rukuni ne, ba na kamfani ba. Na uku, ingancin bayanai. Ba a amincewa da ƙaura sai an sabunta rajista, kuma saɓanin suna ko ranar haihuwa kan jinkirta biyan haƙƙi bayan ritaya. Na huɗu, giɓin baya. Idan tsohuwar ma'aikata ba ta zuba kuɗin wasu watanni ba, ƙaura ba za ta cike giɓin ba. Wajibi ne a bi sawunsu tun da sauran ƙarfi.

4.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ƙaura ba ta da amfani sai ta magance wata matsala takamaimiya. Wanda ya ƙaura don romon bakin wakilan kamfani, zai jira shekara guda kafin ya gyara kuskurensa. Saboda haka, a fara karɓar cikakken bayanin asusu a tantance shi, domin guzurin tsufa ba abin gwaji ba ne.