Aikin Ido da Hasken Leza: Matsalar Kalma da Kalandar Noma a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake bayyana wa manomin kudancin Jihar Katsina aikin ido da hasken leza, tun daga shirin zuwa asibiti har zuwa jinya. Ta nuna cewa kalmomin da Hausa take amfani da su a fagen ciwon ido, irin su yana da hakiya da hawan jinin ido da gashi, suna ɗauke da ma'anonin da kan sa majinyaci ya yi tsammanin abin da aikin ba zai ba shi ba, ko ya ji tsoron abin da babu shi. Haka kuma ta auna sharuɗɗan jinya da ayyukan shekara na manomi da kuma ibadarsa.

1.0 Gabatarwa

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba idanun mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yanar ido ce ta haddasa kimanin kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido kuwa kusan kashi 17. Wani abin lura a binciken shi ne kusan kashi 43 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, ba likita ne ya yi ba, mai maganin gargajiya ne ya soka tsinken ƙarfe ya tura madubin ido ya faɗa ciki, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su tsira daga makanta ba. Ke nan Bahaushen karkara ba baƙo ba ne ga batun taɓa ido, sai dai abin da ya gani da idonsa ya koya masa tsoro.

Ƙasar Malumfashi tana da matsayi na musamman a tarihin nazarin magungunan Hausawa. A nan Murray Last ya yi binciken da ya haifi maƙalarsa ta 1981 kan muhimmancin sanin rashin sani, inda ya nuna cewa jama'a kan karɓi magani ba tare da sun damu da sanin tsarin da ke bayansa ba. A wannan yanki ne kuma Lewis Wall ya tattara bayanan littafinsa Hausa Medicine na 1988. Maganar Last tana da amfani a nan, domin aikin leza yana daga cikin magungunan da rashin sani ke ɓatawa: wanda bai fahimci dalilin aikin ba, da wuya ya koma asibiti a ranar da aka sa masa.

2.0 Leza ba iri ɗaya ba ce

Leza haske ne da aka tattara wuri guda, mai launi ɗaya da ƙarfin da ake iya aunawa. Tun kafin Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a 1960, wani likita Bajamushe, Gerd Meyer-Schwickerath, ya yi amfani da hasken rana a 1949 wajen yi wa bangon bayan ido magani. A yau akwai ayyuka huɗu da ya kamata a bambance.

Wanda ya fi suna a intanet shi ne LASIK da danginsa, inda ake sassaƙa fatar gaban ido mai garai-garai, wato koniya, don mutum ya rabu da tabarau. Wannan aiki ne na asibitocin kuɗi a birane irin su Legas, ko a ƙasashen waje kamar Indiya da Masar, kuma 'yan kasuwa da ma'aikata ƙalilan ne ke nemansa. Sauran ukun su ne suka shafi talaka. Akwai lezar YAG, wadda ake buɗe ƙofa da ita a jakar madubin ido idan ta dusashe bayan an cire yana. Akwai lezar hawan jinin ido, kamar SLT, mai taimaka wa ruwan ido ya sami mafita. Sai kuma lezar bangon bayan ido, wato ratina, ga masu ciwon sukari da masu sikila.

Manomin Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja da aka ce yana buƙatar irin wannan aiki, galibi tura shi ake yi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna wadda aka kafa da doka a 1979, ko asibitocin ido na Kano, irin su na ECWA da ya faro a 1943, da na Makka.

3.0 Kalmomi da nauyin da suke ɗauka

Kalmar yana aro ce daga abin da ke taruwa a saman kunu ko madara idan sun huce. Hoton da take bayarwa shi ne na wani abu da ya kwanta a kan ido, wanda za a iya yayewa ko a kankare. Alhali kuwa madubin da ke cikin ido ne da kansa ya dusashe, kuma cire shi ake yi a sa na roba. Farin tabon da ake gani a gaban baƙin ido, wanda ya fi dacewa da sunan hakiya, wani ciwo ne daban, amma bakin jama'a yakan gwama su. Illar wannan gwamayya tana bayyana bayan watanni ko shekaru da yin aiki, lokacin da gani ya sake yin hazo. Majinyaci sai ya ce yana ta dawo, ya yanke hukuncin cewa aikin asibiti bai ci ba, maƙwabtansa ma su ɗauki darasi. Gaskiyar magana ita ce yana ba ta dawowa. Jakar da aka zaunar da sabon madubin a ciki ce ta yi duhu, kuma lezar YAG kan gyara wannan cikin 'yan mintoci, mutum yana zaune a kujera. Akwai kuma kuskuren ɗauka cewa da leza ake cire yana. Mafi yawan aikin yana a Arewa da hannu ake yin sa ta ƙaramar tsaga, na'urar zamani da ake narka madubin da ita kuwa da ƙarfin sauti take aiki.

Hawan jinin ido, sunan da kafafen yaɗa labarai suka yayata wa gilakoma, ya taimaka ta fuska ɗaya, domin ya nuna ciwo ne na dindindin mai ɓarna a ɓoye. Ta wata fuskar ya ɓatar. Ruwan cikin ido ne ke matsa wa jijiyar gani, ba jini ba, kuma maganin hawan jini ba ya warkar da shi. Abin da ya fi nauyi shi ne ganin da wannan ciwo ya cinye ba ya dawowa. A al'adar Bahaushe kuwa, idan an ce an yi wa mutum aiki, ana sa ran ya tashi da sauƙi a bayyane, kamar yadda ake ganin wanda aka cire wa yana ya ajiye sanda. Wanda aka yi wa SLT zai koma gida yana gani yadda yake gani jiya. Idan ba a faɗa masa tun farko cewa tsaron abin da ya rage ake yi ba, zai ɗauka kuɗinsa sun tafi a banza. Misalin shingen gona ya fi kusa da tunanin manomi: shinge ba ya mayar da abin da dabbobi suka ci, yana kare sauran ne.

Wannan batu ya cancanci kulawa saboda shaidar da ta fito daga Afirka. Gwajin da aka yi a Moshi ta ƙasar Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa bayan shekara guda SLT ta yi nasara a kimanin kashi 61 na idanu, maganin ɗigawa na timolol kuwa kashi 31. A Bauci ma Mohammed Abdull da abokan aikinsa sun gwada wata lezar daban ga masu wannan ciwo. Ga mutumin da sayen maganin ɗigawa kowane wata ya fi ƙarfinsa, wannan hanya ce mai daraja, muddin an kira ta da sunan da ba zai kore shi ba.

A nan ne kalmar gashi take shigowa. Hausar asibiti ta riga ta saba da gashin ƙashi da gashin ciwon daji, don haka abu ne mai sauƙi tafinta ya ce za a gasa ido, ko za a ƙona. Kunnen Bahaushe yana jin wannan zai tuna sakiya da lalas, wato ƙarfen da aka sa a wuta. Babu mai hankalin da zai miƙa idonsa ga sakiya. Kalmar fiɗa ko tiyata ita ma ba ta dace ba, tunda ba yanka ake yi ba. Haska ido ya fi aminci, ko da yake yana iya rikicewa da hasken gwaji da ake yi a kowace ziyara. Ana iya cewa da dattijo: “Baba, ba wuƙa, ba ɗinki. Za ku ɗora haɓa a kan na'ura, ku ga haske yana walƙiya, ku ji ƙas-ƙas, shi ke nan.” Sai dai gaskiya ta wajaba a lezar ratina, domin ita tabo take yi da gangan, takan yi zafi, akan raba ta zama biyu ko uku, kuma tana iya rage ganin dare da na gefe.

4.0 Shiri

Shirin ba shi da yawa. Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Mai ciwon sukari ya karya kumallo ya sha maganinsa. A zo da duk kwalaben maganin da ake ɗigawa, har da na kemis da na gargajiya. A wanke kwalli. Mai neman LASIK sai ya kai shekara 18, lambar tabaransa ta tsaya shekara guda, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan rakiya. Maganin buɗe ƙwayar ido da ake ɗigawa kafin YAG da lezar ratina yakan dusashe gani na sa'o'i huɗu zuwa shida, rana kuma ta riƙa kashe ido, don haka wanda ya zo a kan babur ba zai iya tuƙa kansa ba. Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiyar kimanin kilomita 70 ce, ga kuma matsalar tsaro da ta sa mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume ba sa son dare ya yi musu a hanya. Ɗan rakiya yana da wani amfanin: dattijo ko matar aure kan amsa wa likita da “to” saboda kunya da girmamawa, ba don sun gane ba, sai ɗa ko ƙane ne zai iya sake tambaya.

5.0 Jinya tsakanin gona da masallaci

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗora wa kowane aiki dokoki iri ɗaya. YAG da SLT ba sa barin rauni a waje, saboda haka wanka da alwala da sujada ba su da matsala, kuma mutum kan koma harkarsa washegari. LASIK da aikin cire yana su ne masu buƙatar kariya: ban da murza ido, ban da shigar ruwa da kwalli aƙalla mako guda, a kuma guji ƙura.

Ƙura kuwa ita ce rayuwar wannan yanki daga Oktoba zuwa Fabrairu. Ana gama karyar masara sai bugun waken suya, sai yankan dawa da sussuka da shiƙa, sai tsinkar auduga, hunturu kuma yana tafe da hazonsa. Ƙaiƙayi ko tsinken kara da ya karci ido yana iya shigar da ƙwayoyin cuta masu wuyar magani, balle idon da bai gama warkewa ba. Da damina akwai feshin maganin ciyawa da na ƙwari. Mace kuma tana tare da hayaƙin murhu da surfe duk shekara, abin da takardun sallama na asibiti ba su cika ambata ba. Don haka aikin da ke iya jira, irin LASIK, ya fi dacewa da bazara, bayan hazo ya kwanta kuma kuɗin amfanin gona na hannu, sai ga mai noman rani a bakin madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, wanda nasa lissafin daban ne. Hawan jinin ido da ciwon sukarin da ya taɓa ratina ba sa jiran kaka. Manomin da ya ce bari ya gama shigar da amfani tukuna, yana iya komawa asibiti da ganin da ba za a iya ceto ba.

Batun azumi yana buƙatar natsuwa. A mazhabar Malikiyya, abin da aka sa a ido da rana idan ya isa maƙogwaro yana wajabta ramuwa, wasu malaman zamani kuma suna ganin maganin ɗigawa ba ya karya azumi. Sakamakon haka mutane kan ajiye magani har wata guda ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Akwai mafita biyu: maganin da ake ɗigawa sau ɗaya ko biyu a rana ana iya mayar da shi sahur da buɗa-baki da yardar likita, sannan danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa yana rage gangarowarsa zuwa maƙogwaro.

Kalmar warkewa ita ma tana da tarko. Bahaushe kan daina magani da zarar ya ji sauƙi, ko kuma ya ci gaba da sayen kwalbar da ta yi masa daɗi a kemis. Maganin rage kumburi da ake bayarwa na 'yan kwanaki bayan aiki, idan aka daɗe ana ɗiga shi, yana iya tayar da matsin ido ya jawo ciwon da ake gudu. Tasirin SLT kuwa sai bayan mako huɗu zuwa shida ake iya auna shi, kuma yakan ragu da shekaru har a sake. Ganin 'yan ƙudaje suna yawo a ido kwanaki kaɗan bayan YAG ba abin tsoro ba ne, amma walƙiya, ko duhu kamar an sauke labule, ko zafi mai tsanani da ja, suna nufin a koma asibiti a ranar, ba tare da an gwada nonon mace ko ruwan sukari ba. Ranar komawa da aka rubuta da kwanan watan Bature a katin da majinyaci ba ya iya karantawa takan wuce shi. Idan aka ɗaura ta da watan Musulunci, ko aka ce masa kasuwar garinsu ta shida daga yau, aka kuma faɗa wa ɗan rakiya, ta fi zama a kai.