Jirgin Da Aka Bari Ƙanƙara Ta Kama

Kowane matuƙin jirgin ruwa gudun ƙanƙara ya ke yi, amma ga labarin wani jirgi da aka kai cikinta da gangan. Sunansa Polarstern, na ƙasar Jamus. Ya tashi daga Norwe ran 20 ga Satumba 2019 da masana a ciki, ya nufi tekun da ke can ƙuryar arewacin duniya, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Ran 4 ga Oktoba aka ɗaure shi jikin wani makeken falalen ƙanƙara mai yawo bisa teku, duk inda falalen ya nufa can jirgin ya bi. Nansen, mutumin Norwe, shi ya fara wannan dabara da jirginsa Fram a 1893.

Zaman wurin ba wasa ba ne. Sun yi wajen wata biyar ba su ga rana ba, sanyi kuwa ya kai digiri 42 ƙasa da sifiri. Kullum sai su sauka bisa ƙanƙara da fitila a goshi, su huda ta, su auna kaurinta, su ɗebo ruwan da ke ƙarƙashi. Sau huɗu a yini su kan saki balan-balan mai ɗauke da ma'aunin iska. In suna aiki, wani na tsaye da bindiga yana gadi saboda beyar, watau wani farin naman daji wanda ya fi zaki girma. Wani lokaci ƙanƙarar ta kan tsage ta raba su da kayan aikinsu. Sai ran 12 ga Oktoba 2020 jirgin ya koma gida.

To, me ya sa suka sha wannan wahala? Farar ƙanƙara ta kan mayar da hasken rana sama, ruwan teku kuwa duhu gare shi, shanye zafin ya ke yi. In ƙanƙara ta ragu, teku ya ƙara ɗumi, sa'an nan wata ƙanƙarar ta sake narkewa. Ga shi kuwa tana raguwa, abin ya shafi yanayin duniya duka.

'Yan'uwa masu koyon malanta, kuna iya nuna wa yara wannan. Ku shanya farin ƙyalle da baƙi a rana, in an jima su taɓa, su faɗi wanda ya fi zafi.